Daga Lefen Kaba Zuwa Farar Riga: Tarihin Kayan Amarya a Ƙasar Hausa

Abin da shari'a ta wajabta wa mai neman aure kaɗan ne ƙwarai. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, aure yana ƙulluwa ne da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, sai kuma siga, watau furucin nema da na bayarwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda kowane almajirin ilmi ya san shi, ya yanke cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, zinariyar da nauyinta bai wuce giram ɗaya da 'yan kai ba. Babu toshi a cikin wannan lissafi, babu lefe, babu gara, balle rigar da za a sa dare ɗaya a ninke. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa zama da alƙalami da takarda yana auna albashinsa da abin da dangin yarinya suke sa rai, ya san cewa sadakin shi ne mafi sauƙi daga cikin abin da ke gabansa.

An saba ɗora laifin wannan tazara a kan kwaɗayin iyaye mata da son a sani. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zargin, amma tarihi ya nuna ba daga nan abin ya faro ba. Kayan da ake tarawa tsakanin baiko da tarewa asalinsu dukiya ce da ake damƙa wa mace ta riƙe a hannunta, a zamanin da tufa take daidai da kuɗi. Abin da ya sauya cikin shekaru ɗari da 'yan kai shi ne irin kayan da kansu, da kuma tsawon lokacin da suke yi suna da daraja bayan an watse daga biki.

Goro da gishiri

Al'adun neman aure na Hausawa magudana biyu ne suka haɗu. Ta farko ita ce ta gargajiya, wadda aka ga sauranta a wurin Maguzawa, kamar waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930. A wannan tsari dukiyar aure ta iyaye ce da dangi, saurayi kuma yakan tara abokansa su yi wa surukinsa gayya a gona, shekara da shekaru, kafin a ba shi. Ta biyu ita ce ta Musulunci, wadda ta ce sadaki haƙƙin matar ne ita kaɗai. Biyun sun daɗe suna gogayya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun kafin jihadin 1804, ya lasafta cin sadakin mace da waliyyai suke yi a cikin bidi'o'in da ya yi wa'azi a kansu, haka nan cakuɗuwar maza da mata a wurin biki. Abin da ya biyo baya sulhu ne irin wanda jama'a takan yi ba tare da an zauna an shawarta ba: sadaki ya tafi ga amarya, haƙƙin dangi kuwa ya sake suna, ya koma kuɗin na-gani-ina-so, da na gaisuwar uwa da uba, da na ƙannen uwa da ƙannen uba, kowa da ɗan rabonsa.

Baiko shi ne ranar da magana take fita daga dandali da zaure ta shiga hannun manya. Wakilan saurayi su zo da goro da gishiri, daga baya aka ƙara dabino da alewa, wakilan yarinya su ce sun ba shi. Sai a rarraba kayan gida gida a unguwa. Ga mai kallo daga nesa wannan kyauta ce kawai, amma aikinta ya fi haka. Duk wanda ya ci goron baiko ya zama shaida, kuma an toshe bakin duk wani mai niyyar shiga neman, domin shari'a ta hana nema a cikin nema muddin an riga an karkata ga na farko. Shi kuwa goro ba abin banza ba ne a wancan zamani. Daga Gwanja fatake suke ɗauko shi, tafiyar watanni a kan jakuna, kuma littafin Tarihin Kano ya ambaci goro 10,000 a cikin abin da Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau, watau abu ne da ake gaishe da sarakuna da shi. Idan aka kwatanta wannan da zoben alkawari na Turawa, wanda tallan kamfanin De Beers ya cusa wa duniya cewa sai na lu'ulu'u tun daga ƙarshen shekarun 1930, za a ga bambancin tunani: zobe tsakanin mutum biyu yake, goro kuwa sai ya zagaye unguwa kafin ya gama aikinsa.

Daga baiko zuwa sa rana saurayi yana cikin ɗawainiyar toshi, musamman da salla, inda zai kai zane da ɗankwali da takalmi da kayan shafe-shafe. Malaman Malikiyya na baya sun kula da rigimar da irin wannan kyauta take haifarwa, suka bambance: idan shi ne ya fasa, ba ya karɓar kome, idan kuwa daga wajen yarinya aka fasa, yana da damar neman kayansa, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar gari ta saɓa. Wannan hukunci ne ya sa tsofaffin mata suke ƙirga kayan toshi ɗaya bayan ɗaya a gaban idon jama'a, su kuma riƙe lissafin a ka.

Lokacin da zane yake kuɗi

Kalmar lefe da kanta tana ɗauke da tarihinta. Asali sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, irin wanda mata suke zuba auduga da kayan kaɗi a ciki. A cikinsa ake jera tufafin da ango zai aika, har sunan mazubin ya rinjayi abin da ke ciki. Kwandon bai da girma, don haka abin da zai ɗauka 'yan zannuwa ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu yana da nauyi a kasuwa.

Don a gane wannan nauyi sai a dubi Kano ta tsakiyar ƙarni na 19. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Tambutu kaɗai, in ji shi, tana karɓar kayan raƙuma 300, na wuri miliyan 60. A daidai wannan lokaci ya ce wuri zambar 50 zuwa 60 sun ishi iyali guda su ci su sha su yi sutura shekara guda cur. Ke nan saƙa da rini da bugu su ne ƙashin bayan arzikin ƙasar, kuma turkuɗin Kura mai walƙiya yana shiga hannun Buzaye a Azbin da mutanen Barno kamar yadda kuɗi suke shiga. Wuri kuwa kaya ne mai nauyi, keso guda zambar 20 ne, ɗaukarsa sai ƙato. Wanda yake son ya adana dukiya a ƙaramin wuri, ko ya yi tafiya da ita, sai ya mayar da ita tufa ko azurfa ko dutsen ado.

To, wannan ita ce dukiyar da ake zuba wa amarya a lefe. Akwai saƙi, mai ƙananan gidaje baƙi da fari kamar jikin zabo. Akwai bunu. Akwai tsamiya, wadda ake kaɗa zarenta daga saƙar wata tsutsa da ake samu a jikin itatuwa, ciki har da itacen tsamiya. Akwai barage mai jan alharini, wanda Larabawan Gadamas suke ƙetaro hamada da zarensa daga Tarabulus. Masu hali su ƙara da murjani, da tsakiya, dutsen da asalinsa daga Kambe ta ƙasar Indiya ake kawo shi kafin Jamusawan Idar-Oberstein su karɓe cinikin, da mundaye da warwaro na azurfa waɗanda maƙeran fari suke narka liyari su ƙera. Abin lura a nan shi ne babu ɗinkakkiyar riga a cikin jerin. Mace Bahaushiya ta wancan zamani zane take ɗaurawa a ƙirji, ta yafa wani, ta ɗaura fatala a ka. Zane kuwa ba shi da awo. Wanda ya dace da amarya ya dace da uwarta da kishiyarta da baƙuwar da ta zo daga Bida, saboda haka ranar da buƙata ta taso sai a kira dillaliya, ta saka shi a ƙwarya ta shiga gidaje, kafin la'asar ta dawo da kuɗi.

Ɓangaren iyayen yarinya ma ba a zaune yake ba. Tun tana ƙarama uwarta take tara mata kayan ɗaki da kuɗin kaɗi da na tallan da yarinyar take yi da kanta: ƙore masu zane, da tasoshin tagulla na Nupe, da tabarmi, da gwado. Wannan ma yana da madogara a fiƙihu, domin Muhtasar na Shaihu Halilu ya ɗora wa mace ta yi wa kanta kayan ɗaki gwargwadon al'ada da sadakin da ta karɓa kafin tarewa. Amma iyaye mata ba su taɓa tsayawa a kan sadakin ba. Sukan ninka shi, da taimakon adashi da gudummawar biki, wadda ita kanta bashi ce, domin duk wadda ta kawo miki yau za ki mayar mata da ƙari ranar nata bikin. A kan wannan sai a ɗora gara, watau hatsi da man shanu da daddawa da nakiya da alkaki da ake kai wa gidan ango, don kada a ce yarinya ta zo hannu rabbana.

Me ya sa mata suka ɗauki abin da zafi haka? Amsar tana cikin labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 a ƙasar Kano, ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu, na farkon auren zumunci ne da manya suka ƙulla, kuma a cikin labarinta ba a ɗauki wannan a matsayin abin mamaki ba, domin haka rayuwar yawancin matan da ta ambata take. A al'ummar da igiyar aure take saurin tsinkewa, gida da gona kuma na miji ne, sannan kulle, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya fara shi a fada, yana ƙara yaɗuwa zuwa gidajen talakawa, mace ba ta da wata dukiya tabbatacciya sai wadda za ta iya ɗaurewa ta aza a ka ta fita da ita. Jeren da ke bangon ɗakinta shi ne asusunta. Da shi take jari, da shi take fansar kanta a gaban alƙali idan zama ya ƙi, daga cikinsa kuma take fara tara wa 'yarta.

Akwai wani abu guda game da tsohon biki da ya kamata a riƙe, domin zai yi amfani a gaba. Kayan ake nunawa, amarya kuwa ɓoye ta ake yi. Lefe yakan zaga gidajen dangi a buɗe shi a ɗaga kowane zane a yi guɗa. Jere ma mata sukan yi tururuwa su je kallo. Ita kuwa yarinyar tun daga ranar kamu take cikin lulluɓi, ta kwana a lalle cikin tsofaffin tufafi, a yi mata wanka, a kai ta da dare tana kuka ba mai ganin fuskarta, sai an sayi baki kafin ta yi magana, sai an yi buɗar kai kafin dangin miji su gan ta sosai. A wurare da yawa ma wata yarinya dabam ake yi wa ado a ɗora a kan doki a bi ta da kiɗa, ana kiranta amaryar boko, watau ta ƙarya, alhali ta gaskiyar an bi da ita ta wata hanya a asirce. Wannan boko ita ce dai kalmar da aka laƙaba wa karatun da Turawa suka kawo, kuma Bahaushiya ce tun asali, ko da yake an daɗe ana zaton daga Ingilishi aka aro ta.

Jirgin ƙasa da kanti

Turawa sun ci Kano a 1903, aka hana shigo da wuri a 1904, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912. Cikin shekaru kaɗan manomi ya sami sulalla a hannu, kantunan John Holt da G. B. Ollivant da na Faransawa, daga baya da U.A.C. wadda aka kafa a 1929, suka cika da akoko da alawayyo da ƙaramiski, Kwarori kuma suka kafa abin da ya zama Kantin Kwari. Yadin Manchesta ba baƙo ba ne, Barth ya tarar da shi a kasuwar Kurmi, amma a da ta hamada yake zuwa a kan raƙumi da tsada. Yanzu sai ya zo a tarago.

Wadda ta ci kasuwar lefe daga ƙarshe ita ce atamfa, kuma tarihinta abin dariya ne ta wani fanni. Masu masaƙu a Holan, ciki har da kamfanin garin Helmond da aka kafa a 1846 wanda aka sani da Vlisco, sun ƙirƙiro ta ne don su kwaikwayi rinin hannu na mutanen Jawa su sayar musu da araha. Mutanen Jawa suka raina ta saboda 'yan tsage-tsagen da injin yake bari a jikin zanen. A shekarun 1890 aka gwada ta a gaɓar Gwalkwas, Gana ta yanzu, sai ga shi aibin da aka ƙi a can shi ake so a nan. Daga bakin teku ta hauro Arewa, ta kori saƙi da bunu daga lefe, ta bar su ga tsofaffi da 'yan gargajiya. Tare da ita turaren Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Landan ya fara haɗawa a 1920, ya sami wurin zama a kusurwar kowane lefe.

Mazubin ma sai ya bi sawu. Kwandon kaba ya ba kwalla wuri, kwalla ta ba fantimoti, fantimoti ya ba akwati, akwati ɗaya ya zama saiti. A bangon ɗaki ƙwarya ta kauce wa tasa, tasa ta kauce wa kwanon sha da langa da samira, waɗanda aka fara kawowa daga Turai da Hankon kafin a soma ƙera su a gida, har aka zo zamanin tangaran a cikin kabad, da gadon ƙarfe mai rumfa, da na fomeka. Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Turmin atamfa mai kyau da ba a yanka ba yana nan da darajarsa shekara goma a ƙasan akwati, kuma mata sun san farashin Holan da Ingilish kamar yadda 'yan canji suka san na fam.

Bayan an buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sannan United Nigerian Textiles da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960, sai aka sami atamfa 'yar gida wadda talaka zai iya cika lefe da ita. Amma wannan bai rage tsada ba, sai ma ya haifar da daraja hawa hawa: 'yar Kaduna a ƙasa, ta waje a sama, kuma masu duba lefe da yatsa suke bambance su. Sannan kuɗin man fetur suka zo. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975 tare da bashin watannin baya, ya jefa kuɗi masu yawa a hannun ma'aikata a lokaci guda, kuma wani kaso mai tsoka ya tafi ga aure. Leshin garin Lustenau na ƙasar Ostiriya, wanda Yarabawa suka fara yayinsa, ya shigo lefen Hausawa, haka ma shaddar Getzner da ake kira gezna. Alhazan Nijeriya sun haura 100,000 a 1977, suna dawowa da sarƙoƙin gwal na Jidda, azurfa ta koma ta ƙauye. Gwamnatin soja ta hana shigo da leshi a 1976, abin da ya jawo kawai shi ne kayan suka sake hanya, suka riƙa biyowa ta Kwatano da Maraɗi a fasa-ƙwauri, farashinsu ya ƙaru, sha'awarsu ma ta ƙaru.

Yunƙurin rage wannan nauyi bai taɓa yankewa ba. Sarakuna sun yi shela, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta yi wa'azi mai zafi a kan bidi'o'in biki, a Nijar kuma gwamnatin Seyni Kountché ta yi dokar ƙayyade sadaki da kashe-kashen aure. Wa'azi ya yi tasiri a kan kiɗa da rawa da wasu al'adu, amma lefe da kayan ɗaki sun gagara. Barbara Cooper, wadda ta yi nazarin aure a Maraɗi ta buga littafinta a 1997, ta nuna dalili: abin da uwa da danginta mata suke kashewa yakan zarce abin da ango ya bayar, kuma da shi suke bayyana darajar 'yarsu da yawan mutanen da ke bayanta. Masu yin dokokin maza ne, suna kallon abin ta fuskar aljihun ango. Waɗanda za su bi dokar kuwa mata ne, kuma ba a ba su wani abin da zai maye gurbin asusun da ake so su rushe ba.

Farar riga

Rigar amarya ta Turawa ba tsohuwar al'ada ba ce ko a can inda ta fito. Kafin ƙarni na 19 yawancin amaren Ingila rigarsu mafi kyau suke sawa, ko wace irin launi ce, su ci gaba da sa ta zuwa coci har ta tsufa, watau tunaninsu bai yi nisa da na mai lefen kaba ba. Ranar 10 ga Fabrairu, 1840, Sarauniya Biktoriya ta auri Yarima Albat a Landan cikin farar rigar siliki saƙar Spitalfields da leshin hannu na Honiton, da nufin tallafa wa masaƙan ƙasarta. Jaridu suka yaɗa zanen rigar, masu kuɗi suka kwaikwaya. Farin yadi a zamanin da ake wanki da hannu, gari kuma cike da hayaƙin kwal, alama ce ta cewa mai shi tana da halin sa tufa sau ɗaya ta ajiye. Fassarar da aka yi masa daga baya, cewa alamar budurci ne, ƙari ne a kan wannan. Ita kanta Biktoriya ba ta yar da nata ba: ta yi ta maimaita leshin a bukukuwan 'ya'yanta, kuma da mayafin aurenta aka binne ta a 1901.

Rigar ta sauka Afirka ta Yamma tare da 'yan mishan. A Ikko, bayan dokar aure ta 1884 wadda ta tanadi auren mace ɗaya, farar riga da zobe suka zama shaidar cewa gida ya waye. A Arewa an fara ganinta a coci-cocin Sabon Gari da kuma wurin Hausawa Kirista, irin jama'ar da Dokta Miller ya tara a Zariya waɗanda suka koma Wusasa a 1929. Ga Musulmi kuwa ta daɗe tana abin kallo daga nesa. Fari a idon Bahaushe tufar maza ce ta Juma'a da idi, da harami, da likkafani. Kuma tun da amarya ba fitowa take yi ba, ina za a sa rigar a gan ta?

Sai da abubuwa da dama suka taru kafin ta sami ƙofa. Makarantun 'yan mata da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930 sun koyar da ɗinki, keken Singer ya bazu, riga da zane suka maye gurbin ɗaurin ƙirji, tela ya fara auna jikin mace. Mai hoto ya shigo biki, hoto kuma yana buƙatar fuska. Finafinan Indiya da aka yi ta nunawa a silima tun shekarun 1960 sun saba wa matasa da ganin amarya a zaune cikin ado kowa yana kallonta, talabijin kuma ta kawo auren Diana na 1981, da jelar rigarta mai ƙafa 25, har cikin falon manyan ma'aikata. 'Yan boko suka fara liyafa a kulob da otal bayan ɗaurin aure, ango da amarya a kujera ɗaya. Daga liyafa aka sami dina, daga dina kowace rana ta biki ta nemi tufarta: ta kamu dabam, ta walima dabam, da lafaya irin ta Barno da Sudan ta ranar kai amarya. Telolin Kano da Kaduna da Abuja suka musuluntar da rigar Turawan, suka sa mata dogon hannu, suka rufe wuya, suka haɗa ta da ɗauri da mayafi, sau da yawa ma suka sauya mata launi zuwa ruwan gwal ko ruwan hoda.

Da wannan tsohon tsari ya juye. Amaryar da ake ɓoyewa ta zama ita ce abin nunawa, amaryar boko ta rasa aikin yi. Ta fuskar 'yancin yarinya akwai ci gaba a nan wanda bai kamata a raina ba, domin wadda ta je wurin tela ta zaɓi rigarta da kanta, galibi ita ta zaɓi mijin ma, ba kamar Baba ta Karo a aurenta na fari ba. Ta fuskar dukiya kuwa hasara ce. Rigar an yanka ta ne daidai jikin mutum ɗaya, don dare ɗaya, yayinta kuma ba ya shekara. Dillaliya ba ta da abin yi da ita. Shi ya sa sana'ar hayar riga ta samu, wanda hakan ya fi hankali, amma ya tabbatar da cewa kuɗin sun fita daga hannun amarya sun tafi ga mai shago, da mai kwalliya, da mai hoto, da mai zauren taro. Ko cikin akwatin ma abin ya taɓa, domin bayan rufe Kaduna Textiles a 2002 da durƙushewar sauran masaƙun, atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari, akwatuna suka ƙaru, amma abin da za a samu in an sayar da na cikinsu ya ragu. Gwal ne kaɗai ya riƙe tsohon aikin da barage da murjani suke yi.

Da gwamnatin Jihar Kano ta shiga aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba, aure 100 a 2012, da 1,111 a 2013, da 1,800 a 2023, abin da ta ɗauki nauyi shi ne sadaki da gado da katifa da sauran kayan ɗaki, da ɗan jari a hannun amarya, watau irin kayan da uwa take tarawa tun zamanin ƙwarya da tasa. A kotunan shari'a kuwa, idan aure ya mutu aka zo rabon na wane da na wance, alƙali yana iya sa a kawo akwatuna a ƙirga turame, a auna sarƙa, a tantance abin da yake sadaki da abin da yake kyauta da abin da iyayenta suka saya mata. Kuɗin riga da na kwalliya da na zauren dina ba sa shiga wannan ƙirga, ko da bashin da aka ci dominsu bai gama biyuwa ba.